Daga Fagen Kaka zuwa Gasar Ƙasashe: Tarihin Renon 'Yan Dambe da 'Yan Kokawa a Arewacin Zamfara

Ƙasar da ta haɗa Ƙauran Namoda da Zurmi da Shinkafi, wadda gulbin Gagare da na Bunsuru suke ratsawa a arewacin Jihar Zamfara, ta daɗe da sanin yadda ake gano yaro mai ƙarfi da zuciya, a rene shi, a fitar da shi fage har sunansa ya kai garuruwan da ƙafarsa ba ta taka ba, kuma ta san haka tun kafin a kafa ma'aikatar wasanni ko a ji sunan koci a ƙasar Hausa. Wannan tsari bai taɓa samun ofis ko kundin rajista ba, domin a kan abubuwa huɗu ya tsaya, wato kaka da kasuwa da ubangida da makaɗi, saboda haka ya yi ƙarfi a lokacin da waɗannan suke da ƙarfi, ya kuma raunana da suka raunana. Tarihinsa yana ƙara fitowa fili idan aka ajiye shi kusa da na wani wasan ƙarfi da ya taso daga ƙaramin gari ya kai ga gasar Olamfik, wato ƙwallon zari-ruga ta 'yan bakwai-bakwai, domin a farkonsu ba su da wani nisa da juna.

Yankin ya yi kusan ƙarni ɗaya da rabi yana zaman bakin daga. A tsakiyar ƙarni na 18 Sarkin Gobir Babari ya ci Birnin Zamfara, ya kafa Alƙalawa a ƙasar Zamfarawa, sannan da jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya tashi a 1804 sai Fulanin Alibawa na ƙasar Zurmi suka shiga cikinsa, kuma jarumin da ya fi suna a cikinsu, Namoda, wanda garin Ƙaura yake ɗauke da sunansa, yana cikin shugabannin rundunar da ta ci Alƙalawa a 1808. Faɗuwar Alƙalawa ba ta kawo kwanciyar hankali ba, don kuwa Gobirawan da suka koma Tsibiri da Katsinawan da suka kafa Maraɗi sun ci gaba da kawo hari har ƙarshen ƙarni na 19, ta yadda garuruwan wannan yanki suka zauna cikin ganuwa, ƙarfin samari kuma ya zama dukiyar gari. Daga nan ne wasu marubuta suke cewa dambe da kokawa horon yaƙi ne tun asali. Maganar tana da daɗin ji, amma shaidar da ke hannu ta fi karkata ga mahauta da manoma fiye da barade. Baturen nan matafiyi Hugh Clapperton, wanda ya bi ta Zurmi a 1824 a kan hanyarsa ta zuwa Sakkwato, ya rubuta cewa a Kano ya sa kuɗi wuri 2,000 don a yi masa dambe ya gani, kuma 'yan damben sun zo ne da makaɗansu tare da taron mahautan gari. Shekara ɗari biyu bayan haka, kalangu, wanda shi ne kiɗan mahauta, shi ne dai kiɗan dambe, kuma har yanzu rundawa, wato mahauta na gado, suna ɗaukar wasan a matsayin nasu.

Matakin farko na renon ɗan wasa dandali ne, wato filin da yara da samari suke taruwa da dare idan akwai farin wata. A nan ake yin langa, wasan da ya fi kowane wasan Hausa kama da zari-ruga, domin na ƙungiya ne kuma na ture ne. Kowane yaro yakan kama ƙafarsa ɗaya ta baya da hannu, ya riƙa tsalle a kan ɗayar, a kasu gida biyu, kowane gida ya fitar da mutum ɗaya da ake kira ruwa, wanda aikin 'yan gidansu shi ne su kare shi su buɗe masa hanya har ya isa wurin da aka shata, abokan karawa kuma suna neman su ture shi ya faɗi ko ya saki ƙafa. Yaron da ya iya langa ya riga ya koyi tsayuwa a kan ƙafa ɗaya, da kauce wa mai zuwa da ƙarfi, da sanin lokacin da zai sadaukar da kansa don ɗan gidansu ya wuce, kuma duk wannan ba da kuɗi ko kayan wasa ba. Daga langa sai kokawa a kan yashin gulbi da rani, daga nan kuma wanda zuciyarsa ta raya masa dambe ya fara naɗa tsumma a hannu yana gwadawa da tsararrakinsa. Manya ba sa koyarwa a wannan mataki, amma suna kallo, kuma a gayya, wato noman taron dangi da ake yi wa mutum ɗaya, ana ƙara gane wanda ƙarfinsa yake kai shi ƙarshen kuyya da wanda yake sarewa a tsakiya.

Mataki na biyu shi ne bin ubangida. Saurayin da aka ga alamar zai yi abu yakan liƙe wa wani babban ɗan dambe, ya ɗaukar masa jaka, ya taya shi naɗin zare, wato igiyar da ake naɗewa a kan ƙyalle a hannun duka har ya yi tauri, ya kuma zauna a gefen fage yana ganin yadda ake miƙa ɗaya hannun a buɗe don kariya da auna tazara. Sai ya daɗe a haka kafin a bar shi ya sa zare a wasannin sharar fage, waɗanda ƙanana suke yi kafin manya su fito. Dambe turmi uku ne a bisa al'ada, turmi kuwa shi ne zagaye ɗaya na karawa, kuma wanda hannunsa ko gwiwarsa ko jikinsa ya taɓa ƙasa an yi kisa ke nan, in kuwa aka ƙare ba wanda ya faɗi sai a ce babu kisa, a raba su. Ba a auna nauyi, ido da yardar juna ne suke haɗa mutum biyu, saboda haka babban aikin ubangida shi ne ya san wanda zai bar yaronsa ya tara da wanda zai hana shi, don yaron da aka yi wa mummunan kisa tun yana ɗanye sau da yawa ba ya sake komawa fage. Wannan dangantaka tana bayyana a sunayen da 'yan dambe suke amsawa har yau, inda za a ji Shagon wane ko Autan wane ko Bahagon wane, sunan da yake faɗa wa 'yan kallo gidan da ɗan wasa ya fito kafin su ga hannunsa. A sama da gidaje kuma akwai ɓangarori uku, Kudu da Arewa da Guramaɗa, waɗanda a tsakaninsu ake haɗa wasa.

Kaka ita ce kalandar wannan tsari. Idan aka yanke gero da dawa, rumbuna suka cika, aka shiga bukukuwan aure da na kalankuwa, sai 'yan dambe da 'yan kokawa su fita yawo gari gari tare da makaɗansu, su sauka a gidan sarkin fawa ko na wani mai hali, a yi shela, da la'asar kuma a kewaye fage. Ladan ɗan wasa kari ne, wato kyautar da 'yan kallo suke yi masa nan take idan ya burge su, ko kuɗi ko riga ko dabba, wani lokaci ma har a ba shi mata. Makaɗi kuwa shi ne ma'ajiyar tarihi, domin shi ne ya san wanda ya kashe wane a wane gari, kuma kirarin da yake yi wa ɗan wasa shi ne takardar shaidarsa. Ƙasar ba ta rasa irin waɗannan mutane ba: Ibrahim Narambaɗa, wanda aka haifa a Tubali ya kuma zama makaɗin Sarkin Gobir na Isa, da kiɗan noma ya fara kafin ya shiga fada, abin da yake nuna yadda kiɗan ƙarfi yake zaman makaranta ga makaɗa su ma.

Zuwan jirgin ƙasa ya faɗaɗa fagen. A 1929 layin dogo da ya taso daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau ya tsaya a Ƙauran Namoda, garin ya zama ƙarshen layi, inda ake tara gyaɗa da auduga da fatu daga ƙauyuka masu nisa kafin a loda su zuwa kudu. Kuɗi suka shigo hannun manoma da 'yan dako da dillalai a daidai lokacin da ake buɗe fage, kari ya ƙaru, kuma jirgin da ya ɗauki gyaɗa shi ne ya ɗauki 'yan ci-rani da 'yan wasa zuwa Zariya da Kaduna da Kano har Ikko. Ta ɓangaren arewa kuma kasuwar Shinkafi, wadda take ci ranar Alhamis, ta zama mahaɗar fatake da masu dabbobi daga Isa da Sabon Birni da cikin Nijar, kamar yadda hanyar Zurmi zuwa Jibiya take sada yankin da Katsina da Maraɗi. Iyakar da Turawan Ingila da na Faransa suka shata a farkon ƙarni na 20 ba ta hana ɗan kokawar Gobir ko na Katsinar Maraɗi zuwa neman kaye a wannan ɓangare ba, ba ta kuma hana na nan tsallakawa can ba, saboda haka idan karawa da ɗan wata ƙasa ita ce gasar ƙasa da ƙasa, to mutanen wannan yanki sun daɗe suna yin ta ba tare da fasfo ko tuta ba. Bayan samun 'yancin kai rediyo da kaset suka ɗauki abin suka kai shi inda jirgi bai kai ba, kuma waƙar da makaɗi Ɗan Anace ya yi wa ɗan dambe Shago ta sa mutanen da ba su taɓa tsayawa a bakin fage ba suka san sunan ɗan dambe kamar yadda suka san na sarakuna. A birane kuma aka fara kafa gidajen dambe masu shinge da kuɗin ƙofa, inda ake wasa ba sai da kaka ba, daga baya har aka shiga sa babur da mota a gasa.

A nan ne kwatanci da zari-ruga yake da amfani. Zari-ruga wasa ne da ake yi da ƙwallo mai siffar ƙwai, ana rungumar ta a ruga da ita, ba a miƙa wa abokin wasa da hannu sai ta baya ko ta gefe, abokan karawa kuma suna da damar kama mai ƙwallo su kayar da shi, maki biyar kuma yana samuwa ne idan aka dangwala ta a bayan layin abokan karawa. Asalin wasan na mutum sha biyar-biyar ne, amma a 1883, a wani ƙaramin gari mai suna Melrose a ƙasar Sikotilan, wani yaron mahauci mai suna Ned Haig tare da maigidansa David Sanderson suka kawo shawarar a rage 'yan wasa zuwa bakwai-bakwai, a kuma gajarta lokaci, don a iya yin gasa guda a yini ɗaya a tara wa ƙungiyar garin kuɗi. Ke nan shi ma wasan daga hannun mahauta ya fito, kuma neman taro da kuɗin ƙofa ne ya haife shi. Ya yi sama da shekara casa'in bai yi wani nisa ba, sai da aka fara gasar Hong Kong a 1976, aka yi gasar cin kofin duniya ta farko a 1993, aka kafa jerin gasannin shekara-shekara a 1999, sannan ya shiga Olamfik a Rio a 2016. Fiji, tsibiran da mutanensu ba su kai miliyan ɗaya ba, ita ce ta ci zinaren maza a wannan shekara bayan ta lallasa Birtaniya da ci 43 da 7, ta kuma sake cinsa a Tokyo, kuma 'yan wasanta daga gasannin ƙauye suke fitowa, inda yara suke fara wasa da gorar roba a madadin ƙwallo. A Afirka ma Kenya ta doke Fiji ɗin da ci 30 da 7 ta ɗauki kofin Singafo a watan Afrilun 2016, bayan ta yi shekaru tana gudanar da gasannin ƙungiyoyi na cikin gida. Abin da wasan ya samu a tsawon wannan tafiya ba ƙarin jarumta ba ne, ƙa'ida ce guda rubutacciya wadda alƙalin wasa a kowace ƙasa yake bi, da ranakun gasa sanannu, da matakala wadda yaron ƙauye zai hau daga ƙungiyar garinsu har ya sa rigar ƙasarsa. A Nijeriya kuwa zari-ruga ta tsaya a wasu ƙungiyoyi na birane irin su Legas da Kaduna da Kano, ba ta shiga karkara ba, saɓanin ƙwallon ƙafa wadda makarantu suka yaɗa, ko holo wanda ya kafu a Katsina don ya tarar da dawaki da goyon bayan Sarki Muhammadu Dikko.

Ba sai an je Fiji ba kafin a ga yadda ake gina irin wannan matakala a kan wasan gargajiya, domin Nijar ta yi haka da kokawar da take tarayya da Zamfara a cikinta. A 1975, zamanin mulkin Seyni Kountché, aka yi gasar kokawa ta ƙasa karo na farko a Tawa, wadda Yakuba Ango Kantu na Maraɗi ya lashe, kuma filin kokawar Maraɗi sunansa yake ɗauke da shi a yau. Gasar, wadda ake kira ta takobi don takobin da ake miƙa wa wanda ya yi nasara, tana zagaya jihohin ƙasar takwas, kowace jiha tana kawo 'yan kokawa goma waɗanda ta tace daga gundumominta, ana kuma watsa ta kai tsaye a rediyo da talabijin har aiki ya kusa tsayawa a ƙasar. Isaka Isaka na Doso ya ɗauki takobin sau shida. Daga cikin waɗannan zakaru aka riƙa zaɓen masu wakiltar ƙasa a gasar kokawa ta ƙungiyar ECOWAS, inda ake raba 'yan wasa bisa nauyinsu, kuma shekaru da dama Nijar da Senegal ne suka riƙa jan zaren gasar. Abin lura shi ne hukumomin Nijar ba su kori makaɗi ko mai kirari daga fage ba, sun dai ɗora musu alƙali da agogo da rajista, kuma wannan shi ne dalilin da ya sa talakawa ba su ji an ƙwace musu wasansu ba.

A ɓangaren Nijeriya an yi rabin aikin ne. An sa dambe da kokawa da langa cikin bikin wasanni na ƙasa, wanda aka fara a 1973, akwai kuma hukumar wasannin gargajiya ta ƙasa, amma abin da aka fi gani shi ne a tattara 'yan wasa ana gab da tafiya, a sallame su bayan an dawo, ba tare da wata gasa tsayayya daga gunduma zuwa ƙaramar hukuma zuwa jiha ba. Ƙirƙiro Jihar Zamfara a ranar 1 ga Oktoban 1996 bai sauya wannan ba, ƙaddamar da shari'ar Musulunci a 1999 kuma ya sa aka ƙara sa ido a kan tarukan kiɗa, musamman inda caca da shaye-shaye da cuɗanyar maza da mata suka raɓi fage. Sukar da malamai suke yi wa layu da guraye da surkullen 'yan wasa tsohuwa ce kuma tana da tushe, sai dai kokawa ita kanta ba a nan matsalarta take ba, kuma gyaran fage ya fi rufe shi sauƙi da amfani.

Babbar ɓarna daga wajen wasa ta zo. Jirgin ƙasa ya daina zama abin dogaro, cinikin gyaɗa ya faɗi tun shekarun 1970, sannan daga wajen 2011 ta'addancin 'yan bindiga ya game karkarar Zamfara, Zurmi da Shinkafi kuma suna cikin wuraren da abin ya fi yi wa illa. Ƙauyuka da dama sun watse, noma ya koma sai da biyan haraji ga 'yan bindiga a wasu wurare, tafiyar dare ta gagara, a watan Satumban 2021 kuma gwamnatin jiha ta rufe kasuwannin mako aka katse layukan waya don yaƙi da su. Inda ba a kwana a gida da kwanciyar hankali ba a fita dandali, inda ba a cika rumbu ba kuwa ba a yin kari, saboda haka matakai biyu na farko, waɗanda su ne suke samar da ɗan wasa, su ne suka fi jin jiki. Samarin yankin da suke da sha'awar abin a yanzu sun fi samun fage a gidajen damben Kano da na Dei-Dei a Abuja da na Legas fiye da garuruwan iyayensu.

A daidai wannan lokaci ne kuma dambe ya samu kasuwar da bai taɓa samu ba. Bidiyonsa ya bazu a YouTube da Facebook, kamfanoni irin su Dambe Warriors da African Warriors Fighting Championship sun shigo da ajin nauyi da lokaci ƙayyadadde da likita a bakin fage, suna kuma nuna wasan ga 'yan kallo na ƙasashen waje. Wannan ci gaba ne na gaske, kuma ɗan damben da ya samu kwantiragi ya fi wanda yake jiran kari kwanciyar hankali. Sai dai kamfanonin suna girbi ne a gonar da ba su shuka ba, domin ƙwararren da suke ɗauka dandali da ubangida ne suka yi shi, kuma ba aikin ɗan kasuwa ba ne ya rayar da dandalin garuruwan yankin irin su Moriki ko Badarawa. Wannan nauyi yana kan gwamnatin jiha da ƙananan hukumomin Ƙauran Namoda da Zurmi da Shinkafi da masarautunsu, kuma abin da ake buƙata bai fi ƙarfinsu ba: a sa langa da kokawa cikin wasannin makarantun firamare da na sakandare, a tsayar da gasar kaka a cikin manyan garuruwa inda ake da tsaro da rana tsaka, a rubuta sunayen waɗanda suka yi nasara shekara bayan shekara, a kuma ɗauki tsofaffin 'yan wasa da suke raye a matsayin masu horarwa da albashi, tun kafin su ƙare.